Zakari na Uku

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Sai in yi layi biyu, in ce wa zai karanta surutun tsoho, in yage takardar, sannan in zauna ina baƙin cikin takardar da na ɓata. Uwargidana ta ce ko dai in rubuta, ko in daina yi mata nishi a tsakar gida. To, ga shi na rubuta. Safiyar sunan ɗan yayata ce, a shekarun fari, kuma ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so.

Sai kun san halina kafin ku gane yadda aka yi. Ni mutum ne mai wasiwasi. Nakan kulle ɗaki, in kai bakin hanya, in dawo in girgiza kwaɗon, in tafi, in sake dawowa don ban tabbata da gaske na girgiza ba. Nakan sake alwala saboda kunnen hagu. A lakwal, wato makarantar boko, na kai aji shida amma ban samu sartifika ba (ranar jarrabawa rabin lokacin ya tafi wajen duba ko na rubuta sunana daidai). Duk da haka ni kaɗai ne a gidanmu na taɓa zama a benci, shi ya sa ƴan uwa ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci. Da wasa suke faɗi, ni kuwa a ciki nakan ɗan ji daɗi.

Lokacin ina saurayi, ina tsaron shagon wani Alhaji Bakano a kasuwar Damagaram. Kwanuka da tasoshi yake sayarwa. A bangon shagon akwai tsofaffin farantai biyu na ƙarfe da ba na sayarwa ba, ya gada daga mahaifinsa. Kowanne da hoton Bature cikin kayan sarauta, ɗaya mai gemu, ɗaya babu. Wata rana ina share su na lura rubutun da ke ƙasa iri ɗaya ne, sai ƴan sanduna a ƙarshe da suka bambanta. (Sunan ba zan rubuta ba, kada in kuskure harafi in kwana ban yi barci ba.)

Na ce, "Alhaji, mutum ɗaya ne ya aske gemu?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kai, Badamagare! Faransa ba ta koya muku komai ba sai cin burodi. Sarakunan Ingila ne, uba da ɗa. Suna ɗaya gare su. Mai gemun na biyar ne, ɗan nasa na shida."

"Na shida a me?"

"A masu sunan mana. Su can in sarki ya hau da sunan wanda ya riga shi, sai a ɗora masa lamba. Akwai ma sunan da sarakuna takwas suka yi. Kowa da lambarsa, ba a rikita wanda ya mutu da wanda ke kan gado."

Ba a rikita wanda ya mutu da wanda ke raye. Wannan magana ta zauna mini a kai daram. Ga mai irin halina, ban taɓa jin dabara mai daɗi kamarta ba.

A wannan shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, mutanen ƙauye suka riƙa shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka, ana layin jar dawar taimako wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Cikin masu shigowar har da Yaya Dije, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, da mijinta Mamman. Manomi ne a Gidimuni, yana da ƴar garka kusa da tafki. Rumbu ya ƙare, ruwa ya ja baya ya bar garkar, suka tattara suka taho. Suka kafa bukkar zana a gefen unguwar Kara-Kara, cikin mutanen ƙauyen Guna da na arewa da ba su san su ba. Yaya na da tsohon ciki.

A Gidimuni sun baro ƙananan kaburbura biyu. Ɗanta na fari an sa masa Zakari, sunan babanmu, ƙyanda ta ɗauke shi yana rarrafe. Na biyun ma Zakari aka sa masa, don Yaya ta ce sunan Baba ba zai ɓace a ɗakinta ba. Shi kuma zawo ya tafi da shi farkon farin, bayan yaye. Mutanen gari suka fara cewa wabi take yi, wato mai haihuwa suna komawa. In ta doso rijiya sai mata su rage murya.

Wata la'asar na kai mata ɗan garin rogo, na same ta tana dariya da maƙwabtanta. Rabon da in ji dariyarta har na manta. Da suka tashi ta ce mini, "Mushe, ka san abin da nake so da wurin nan? Ba abinci, ba inuwa, amma ba mai kallona da idon tausayi. Nan ni mace ce mai ciki kawai."

Na ce, "Haka ne, Yaya." Na ji da kunne. Da kunne kawai.

Ta haifi namiji. Mamman ya ja ni gefe ya ce sunan na nan dai, Zakari. Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ba mutuwar yaron kawai nake tsoro ba, kowa na wannan tsoron. Tawa damuwar daban ce. Kullum bayan salla nakan ce Allah ya jiƙan Zakari, ina nufin biyun da suka tafi. To yanzu in na faɗa, ga wani Zakari kwance cikin zane yana numfashi, addu'ar ba za ta faɗa kansa ba? In kuma na ce Allah ya raya Zakari, wanne? (Na sani, Allah ya san abin da ke zuciya, ba ya rikicewa. Liman ya gaya mini, na yarda. Amma wasiwasi ba ya zuwa karatu.) Ina cikin wannan juyi idona ya sauka kan farantan Alhaji, na ji kamar an buɗe mini taga.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ga abin ya fi ƙarfin shawara saboda kyansa.

Ranar suna ba rago. Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya ba da wani ɗan akuya da ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ya kuma ara mini farantin mai gemu don a zuba dabino da ɗan goro. Tun hantsi bai yi ba maza suka zauna kan tabarmi a gaban bukkar, mata na bayan zana. Wani tsohon malami daga Guna ya yi addu'a, Mamman ya raɗa masa sunan. Ba maroƙin da zai yi shela, don maroƙa ma sun san inda ba a samu. Sai Mamman ya waiwayo.

"Mushe, kai ne kawun yaro, kai ne mai lakwal. Tashi ka faɗa da ƙarfi mata su ji."

Na miƙe da farantin a hannu. Na gyara murya. Na ce, "Jama'a, sunan yaro Zakari." Mata suka ɗauki guɗa. Da na tsaya nan da yau ba ku da abin karantawa. Amma na ɗaga hannu na jira guɗar ta lafa, na ƙara da iyakar muryata:

"Zakari na Uku!"

Guɗar da ta rage ta yanke a tsakiya. Wani dattijo mai nauyin kunne, baƙo ne cikin ƴan arewa, ya karkato ya ce da ƙarfi irin na waɗanda ba sa ji sosai, "Na uku? To ina na ɗaya da na biyun? Ban ga yara a gidan ba."

Mamman ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. A lokacin ne maganar Yaya ta la'asar ɗin nan ta iso zuciyata, ta makara.

Mai hankali zama zai yi. Ni kuwa sai na shiga bayani. Na ce ai haka sarakunan Ingila ke yi, in ɗaya ya mutu wani ya gaji sunan sai a sa lamba, don kada a rikita matattu da mai rai. Matattu, na ce, a wurin suna. Don in nuna hujja na ɗaga farantin na juya musu hoton, na manta da abin da ke kai. Dabino da goro suka zube cikin rairayi. A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman tsaba, ni ne na watsar da dabinon suna a ƙasa, na tsaya riƙe da Bature mai gemu sama da kaina.

Tsohon malamin ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, wanda ya fi fushin ciwo. Ya ce, "Ɗana, waɗannan sarakunan naka, sun yi gemu kafin a ƙirga su ko?"

Na ce, "Ɗaya dai ya yi, Malam." (Wallahi haka na ce.)

"To zauna. Mu nan ba ma ƙirga wa uwa ƴaƴanta."

Na durƙusa ina tsintar dabino ina hure musu ƙasa. Daga bayan zana ban ji kuka ba. Abin da na ji shi ne muryoyin mata sun ragu, irin raguwar da Yaya ta gudo wa tun daga Gidimuni.

Kafin azahar kowa ya sani. Wata ta kawo laya, wata ta ce a kira wanzami ya yi wa yaron tsagar wabi, wata ta janye ɗiyarta mai ciki daga bakin bukkar. Ba mugunta suke yi ba, tausayi ne, shi ne kuma abin da ba ta so. Yara suka fara ce wa jaririn Na'uku, manya suka ɗauka.

Na yi kwanaki ina zagaye unguwar ban iya shiga ba. Ran da na shiga na same ta tana ba shi nono. Na tsuguna a bakin ƙofa na fara jero haƙuri, na kawo zancen addu'a da yadda nake tsoron ta rikice. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Auta." Ba ta ce Mushe ba. "Kana tsammani ni ba na ƙirgawa? Kullum ina ƙirgawa. Amma a ciki nake yi."

Ta gyara wa yaron zane ta ce, "Zo ka ɗauki Baba, tun da aka haife shi ba ka ɗauke shi ba. Tsoro kake kada ka yar da shi kamar dabino?"

Na yi dariya hawaye na zuba. Na karɓe shi. Ba shi da nauyin kwanon sha.

Ba su daɗe ba bayan haka. Mamman ya ce ya ji ana samun aikin lebura can wajen Kano, suka hau kamyo, babbar motar kaya, da wasu ƴan Guna. Ya ce yunwa ce ta tashe su, kuma gaskiya ne, akwai yunwa. Amma waɗansu da ke gefensu sun zauna har ruwa ya dawo. Na bar wa Allah sanin nawa ne rabon yunwa, nawa ne rabon bakina. A tasha Yaya ta leƙo ta saman kaya ta ce in riƙa cin abinci, in daina yawan tunani.

Bayan shekaru wani falke ya kawo labarin rasuwarta a wani gari gaba da Kano, ya ce Mamman ya ƙara gaba, bai san ina ba. Na tambaye shi yaron fa. Ya ce ya dai ga yara a gidan, bai tambayi suna ba. Na je neman su har sau biyu da kuɗin mota na aro, na dawo da ciwon ƙafa.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. In aka gayyace ni suna yanzu, nakan zauna a layin baya, in ce amin, in karɓi goro da hannu biyu. Ko an ce in yi shela sai in ce muryata ta dishe. Abin sarakunan Ingila kuwa na bar wa sarakunan Ingila, su da ke da gemun ɗaukarsa.

Sai dai ga inda abin ya tsaya mini. Ni da na sa lamba don kada addu'a ta rikice, yau bayan kowace salla nakan ce Allah ya jiƙan na ɗaya, Allah ya jiƙan na biyu, in na zo kan na uku sai in yi shiru da hannu a sama. Ban san wadda zan yi masa ba.

Shi ya sa nake roƙon mai karatu. In ka san wani Zakari, yanzu zai yi furfura, wanda aka haifa a Damagaram cikin fari, iyayensa mutanen Gidimuni, uwarsa Dije, ubansa Mamman, wataƙila har yanzu ana ce masa Na'uku bai san dalili ba, don Allah ka aiko a gaya mini. Ba sai ya zo ba, ba sai ya yafe wa kawunsa ba. Ko labarin ba mai daɗi ba ne ina so. In dai san addu'ar da zan yi, in sauke hannuna.