Motar da Inna Ba Ta Iya Hawa

Ɗan gwaggona ne ya sa na sayar da motar da Baba ya bar mana, na sayi wadda mahaifiyata ba ta iya shiga. Shi ya kai ni wurin dillali, shi ya bi tayoyi yana harbi da ƙafa kamar ya san wani abu. Shi ya ce irin ƙananan jif ɗin nan masu tudu su ne motar mace mai hankali, ba ruwansu da rami, ba ruwansu da taɓo. Ranar da abin ya ishe ni, shagonsa na fenti na nufa, na ajiye motar daidai ƙofa yadda ko mai saye ba zai samu hanya ba.

Na same shi zaune kan bokiti, yana juya wani fenti da sanda.

"Ya gida, ya gajiya… A'a, Guntuwa, yaushe kika sauko? Ban ga an kawo tsani ba."

"Lafiya lau, bawana. Tashi ka ba uwargijiyarka wuri."

"Bawa a gidan wa? Ke da sai an ɗora ki kan filo kafin ki hango titi? Rannan motar nan ta wuce ni, na ce yau na ga ikon Allah, mota na tafiya ba direba. Sai can na hango ɗaurin ɗankwali yana leƙe ta saman sitiyari."

"Gara ni, ina da abin ɗaura wa ɗankwali. Kai tsawo ya cinye maka ƙwaƙwalwa, ba abin da ya rage a kan nan sai warin fenti. Ba kai ka ce mini babba ce ba?"

"Babba ce mana. Kusa da ke ai jirgi ce."

"Babba a ido. Keken Inna na asibiti ba ya shiga bayanta sai na kwantar da kujera. Maƙwabta kuma sun ɗauka a-kori-kura na saya: wannan ya kawo katifa, wancan buhu, in na ce ba wuri a ce na yi arziki na canza hali."

"Halin dama can ba na ajiyewa ba ne."

"Duk zanen da na ɗaura, in zan sauko sai ya share ƙurar bakin ƙofa. Rufinta kuwa tun da na saye ta ban taɓa ganinsa ba. Mai wanki ne ya gaya mini tsuntsaye sun mai da shi bayan gida."

"Sun san mai gidan ba za ta taɓa kama su ba."

"In na sa ribas kuma ta dinga tsuwwa kenan kamar an taka ɗan tsako."

"Jama'a take yi wa gargaɗi. Cewa take, ku yi ta kanku, ga Guntuwa nan. Amma tsakaninki da Allah, ramukan layinku fa? Ba ta wuce su?"

"Tana wuce su sarai. Ni kaɗai a ciki."

A nan ya daina juya fentin. Na zauna kan bokitin da ke gefensa, na gaya masa abin da ba wanda ya sani a gidansu.

Tun rasuwar Baba, duk mako nake kai Inna wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wato uwar wannan dogon banza. Gwaggo ba ta iya fita, a waya kuma ba ta ji. Wuni suke yi a ɗaki ɗaya suna tsegumin mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Tsohuwar motar ƙasa-ƙasa take, Inna juya baya kawai take yi ta zauna. Wannan kuwa ƙafarta ba ta kai ba. Na kawo kujerar tsugunno ta taka, ta hau da ƙyar. Wajen saukowa a ƙofar gidanmu gwiwa ta ƙi ɗaukarta, ta zame, zani ya kwance, ga maza zaune a gindin bishiya suna kallo. Ba ta ji ciwo ba. Amma tun daga ranar, in na ce mu tafi, sai ta ce yau jikin ba daɗi. Na ce a kira ta haya, ta ce 'yarta da mota a ƙofa ba za a gan ta cikin ta haya ba. Ta kuma hana ni faɗa wa Gwaggo dalili.

Ya sauke ido kan sandar hannunsa.

"Ashe shi ya sa," in ji shi. "Tsohuwa har yanzu in ranar ta zagayo sai ta sa a shimfiɗa darduma ta biyu. Jiya take tambayata ko wata magana ta faɗa wa matar yayanta da ta ɓata mata rai. Ta ce ta bi hirarsu ta ƙarshe daga farko har ƙarshe, ba ta gano wurin ba."

"Ka ji aikinka."

"Tsohuwar motar ma ai sai an tura ta take tashi."

"Ana tura ta, Inna na ciki tana ba masu turi umarni. Kujerar gaba har ta lotsa daidai zamanta. Turaren Baba bai gama fita daga cikinta ba na miƙa makulli. Na koma wurin dillalin, ya ce ta yi nisa, ko wanda ya saya bai sani ba."

Ya share hanci da bayan hannu, ya bar shuɗin fenti a gashin baki. Ban gaya masa ba.

"To tunda ni bawa ne, in zo in durƙusa a bakin ƙofar, ta taka bayana ta hau."

"Bayanka ko ka kwanta ya fi motar tudu."

"To me kike so, masifa?"

Na nuna motarsa da haɓa. Tana can gefen shago, ƙasa-ƙasa, ƙofa ɗaya launinta daban, gwangwanaye cike da kujerar baya.

"Amaryata? Ki bar ni da wannan akwatin mai dogayen ƙafafu? In sa bokitai nawa a ciki, biyu da rabi?"

"Ba kai ka ce babba ce ba?"

Ya yi dariya har sandar ta faɗi. Ya laluba aljihu, ya ɗora mini makulli a tafin hannu.

"Kin ci, uwargijiya. Allah ya isa tsakanina da bakina."

"Ban gama ba. Ka kwashe tarkacen nan, a wanke ta, Inna ba za ta shaƙi warinka ba. Sannan ka rufe shagon nan yanzu, ka tafi wurin uwarka. Ni aka hana magana, ba kai ba. Ka matsa kusa da kunnenta, ka ɗaga murya yadda za ta ji, ka ce mata ba abin da ta faɗa. Ka ce ɗanta ne ya yi, kuma gobe ta dafa shayin mutum biyu."