Kifin da Ya Riga Kwangila Isa Osaka

Ranar Juma'a, ashirin da takwas ga Disamba, da ƙarfe goma na safe, a ofishin wani kamfanin sayar da ragar kamun kifi a Shimonoseki, wani ma'aikaci mai suna Kuwabara ya gyara ɗamararsa ya bugi ƙirji.

"Ni ne fa Kuwabara," in ji shi. "Duk abin da ke cin wuta a ginin nan ya san muryata. Injin fotokwafi ai jikana ne."

Mai karatu, ka san dai ranar rufe aiki ce, kuma jiya aka yi babbar sharar ƙarshen shekara. Kuwabara ne ya naɗa kansa sarkin shara, har yanzu bai cire ƙyallen da ya ɗaura a goshi ba, don kada wani ya manta.

Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. Shugaban reshe, dattijo Tominaga, ya riga ya buga hatiminsa a kan wata babbar kwangila. Dole injin ya ɗauki hotonta ya jefa cikin foldar nan ta kowa da kowa, wadda hedikwata ke leƙawa daga Osaka, kafin sha biyun rana. In ba ta isa ba, babu mai tafiya hutun sabuwar shekara. Injin kuwa ya kafe: ya haska takarda, ya yi ƙugi, sannan ya ce bai ga wurin ajiya ba.

Ebisawa mai kula da ciniki, wadda jakar tafiyarta ke jingine a ƙofa, ta ce, "Kuwabara-san, mu kira mai gyara mana. Jirgin ƙasa ba ya jiran gwani."

"Mai gyara? Ga teku a gabanki kina neman rijiya? Matsa."

Ya kashe injin ya kunna. Bai yi ba. Ya sake kashewa, ya rufe ido ya jira, wai yana ba shi damar yin nadama. Bai yi ba. Ya zaro aljihunan takarda duka ya hura musu iska, ya mayar da ɗaya a juye. Ya daka wa injin duka a haƙarƙari, sannan ya tuna ƙarshen shekara ce, ya rusuna masa ya ce, "A gafarce ni, mun gode da wahalar bana."

"To, ya amsa gaisuwar?" in ji Ebisawa.

"Kunya yake ji, idanu sun yi masa yawa."

Daga nan gogan naka ya gano cutar: wai takardar ce ta cika fari, shi ya sa injin ke raina ta. Ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashi ya danna. Shiru. Ya ɗora akushin abincinsa na rana. Shiru.

"Sai ya ga ubangidansa ido da ido," in ji shi.

Ya kifa fuska a kan gilashin, ya kumbura kumatu don su manne sosai, hanci ya baje, leɓe ya karkace. "Danna!" Ebisawa ta danna. Haske ya bi ta fuskarsa. "Sake!" Ta sake, ta kuma sakewa, tana cizon leɓe. Da ya ɗago, idanunsa na zubar da hawaye, ya gaida tukunyar furanni a zaton Shugaba ne.

Shugaba Tominaga kuwa yana bayansa, yana duban agogo.

"Kuwabara-kun, ina aka kwana?"

"Ranka ya daɗe, laifin ƙura ne. Shekaru an bar ofishin nan cikin ƙazanta, sai jiya Allah ya kawo ni. Dubi can." Ya nuna bakin ƙofa, inda aka yi kwalliyar sabuwar shekara: curin mochi biyu, wato kirɓaɓɓen tuwon shinkafa, ƙarami bisa babba, da lemo a kai, duk a kan wani abu da aka lulluɓe da farin ƙyalle. "Wani tsohon akwati ne na samu ƙarƙashin tebur, sai huci yake yana shan wuta a banza. Na fizge igiyoyinsa, na goge shi tas, na mai da shi mazaunin mochi. Wa ya kai ni dabara?"

Shugaba ya taka a hankali, ya ɗaga gefen ƙyallen, ya daɗe yana kallo.

"Kuwabara-kun, foldar da kake nema tun safe, a ina kake zaton take zaune?"

"A... a iska, ranka ya daɗe."

"A cikin akwatin nan take. Ni na sayo shi da hannuna."

Kuwabara ya rusuna har ƙyallen goshinsa ya faɗi. Ya sungumi akwatin da gudu, lemo ya gangara, ya taka shi, ya ƙarasa ƙarƙashin teburin da rarrafe. Ya mayar da igiyoyi, akwatin ya soma huci.

Ashe injin fotokwafin nan mai riƙon amana ne. Duk abin da aka ɗora masa tun safe yana nan a cikinsa bai zubar ba, sai ya kama turawa. Kwangila dai Kuwabara ya goge hotonta yana kashe-kunna, sai da aka sake ɗora ta. Amma tafin hannu ya tafi, akushi ya tafi, fuskoki suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya.

Sha biyu saura kaɗan waya ta yi ƙara. Shugaba ya ɗauka yana rusunawa, ya saurara, ya ajiye.

"Kwangila ta isa," in ji shi. "Amma Babban Shugaba na Osaka yana tambaya: wannan kifi talibamban da muka yi ta turo hotonsa, da ragarmu aka kama shi? In haka ne, yana so a sa shi a kalandar baɗi."

Ebisawa ta samu jirginta. Kuwabara kuma shi ne hoton watan Janairu.