Faifan Alhaji Ya Koma Gida Ba Suna

Waya da faifan ajiya nake sayarwa a kasuwar Sabon Birni, kwamfuta kuwa ba ta taɓa gagarata ba. Alhaji Ummaru, dillalin shanu daga Isa, ya kawo faifai ɗaya tilo mai bidiyon hajjin marigayiya mahaifiyarsa, in sa wa faifan suna a kwamfuta.

"Zauna, Alhaji, yanzu za ni raɗa mai."

Na buga umarni a baƙin allo, kwamfutar ta ce ba izini. Na zage ta gaban jama'a, na kira wanda ya sayar mini da ita.

Ya duba ya ce, "Ai umarnin gogewa ka buga. Tsaronta ya cece ka."

Na zauna ina hamdala. Alhaji ya karɓe faifansa lafiya.

Har yau 'yan layinmu na tsokanata da cewa, "Liman, rago ake yankawa, ba jaririn ba."