Kalmar da Garkuwar Mata Ya Bari

Duk wanda ya ce mata ba su da gata a duniyar nan, bai taɓa zama gaban Darakta ba. Shi ne ya karance tsofaffin wasannin dandamali kaf, ya gano abin da ya shige wa kowa duhu: ashe an danne mata. Tun daga ranar bai sake barin wata mace ta ƙarasa magana ba, don tausayi, kada ta gaji. A ƙofar ofishinsa ya sa an rubuta Garkuwar Mata. 'Yan ƙungiyar wasa kuwa Malam Dakata suke ce masa a bayan ido, domin kowace amsa tasa da "dakata in yi miki bayani" take farawa.

Bana ya zaɓi wani tsohon wasa na matar alƙali, wadda mijinta ke sauraron kowa a kotu ban da ita a gida. A ƙarshe takan miƙe ta amayar da duk abin da ta daɗe tana haɗiyewa, jawabi mai tsawo, mai sa gashin jiki ya tashi. Auta, ƙanwar matarsa, aka ba wannan rawar. Alƙalin kuma, da aka duba ko'ina aka rasa wanda ya cancanta, sai Darakta ya sadaukar da kansa.

Auta a kantin magani take aiki. Tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na ciwon haƙori ta haddace jawabin nan tsaf. Tana da dalili. Innarsu ta ce wasan kwaikwayo aikin marasa aikin yi ne, amma ta yarda za ta zo sau ɗaya, ta ji ko 'yar tata tana da abin faɗi. In babu, a koma kanti a rufa wa kai asiri.

Ranar gwaji na farko, Auta ta buɗe baki ke nan sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Wannan layin ya yi wa bakin mace nauyi. Zaluncin da aka yi muku babba ne, yana bukatar babbar murya. Ba ni shi."

"Yaya, ai alƙalin ne azzalumin."

"Shi ya sa ya fi kowa sanin abin da ya yi!"

Haka aka yi ta yi. Yau layi, gobe sakin layi, kamar ɓera da buhun gero. Alƙali ya koma yana kuka a madadin matarsa, yana zargin kansa, yana yafe wa kansa. Can bayan dandamali matar Darakta na kan keken ɗinki tana haɗa masa rigar shari'a. Ta zare allura daga baki za ta sa baki, ya ce ta dakata, ana maganar 'yancinta.

Ana saura kaɗan a yi wasa, abin da ya rage wa Auta kalma ɗaya ce: "To."

"Kada ki raina ta," in ji shi, yana dafe ƙirji. "A cikinta akwai hawayen kakanninki. Ki sunkuyar da kai, ki faɗe ta a hankali."

Auta ta koma gida kamar ta yi kuka. Amma a hanya ta tuna wani abu. "To" ba ɗaya ba ce. Akwai ta yarda, akwai ta "mu zuba mu gani". Akwai kuma ta Inna, mai doguwar wutsiya, wadda take ja idan baƙo ya cika baki har shayinsa ya huce. Darakta ta farkon kaɗai ya sani, don bai taɓa tsayawa ya ji sauran ba.

Ranar wasa zaure ya cika da mata. Inna na layin gaba, jaka a cinya, fuska ba yabo ba fallasa. Alƙali ya yi jawabin matarsa daga farko har ƙarshe, ya durƙusa, ya yi gumi, ya sanar da ita cewa daga yau ya ba ta izinin magana. Sai ya juyo yana jiran ta sunkuyar da kai.

Auta ta dube shi daga hula har takalmi. Ta riƙe ƙugu.

"Tooo."

Zaure ya fashe da dariya. Wata ta faɗo daga kujera. Wata ta ce, "Wallahi mijina ne sak!" Inna ta cire tabarau tana share hawaye, tana zungurar ta kusa da ita: "'Yata ce. A wurina ta koya."

Da aka tashi, mata suka yi wa Darakta caa. Suka ce ba su taɓa ganin wanda ya kwaikwayi sakaran namiji haka ba, kamar ba wasa yake yi ba. Ya gyara wuyan riga.

"Dama abin da na nufa ke nan. Na daɗe ina tsara shi." Ya waiwayi matarsa. "Ko ba haka ba?"

Tana naɗe rigar shari'a, ko kai ba ta ɗaga ba.

"To," in ji ta.

Ya yi murmushi, ya ce sun ji da kunnensu, ta yarda.