Rasuwar Sha-Hanya, Motar Fatu ta Ƙofar Marke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma a buɗe, ni Attahiru Na'Allah, mai fataucin fatu a Ƙofar Marke, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da masu nuna kamar abokan arziki ne, rasuwar motata Sha-Hanya. Ta cika ranar Laraba da hantsi a gangaren bayan ganuwa, da lodin fatun awaki a bayanta, fuskarta na duban Gusau. Duk mai numfashi mamaci ne, wannan mun sani. Amma akwai hannu a ciki.

Marigayiya ta shigo gidana shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau. Bazawara ce, daga hannun wani Bature mai kanti na karɓe ta. Don in same ta na sayar da rabona na jakunan da muke kora tare da Madugu Illo, wan matata Kaltume, wanda tun muna samari muke kai fatu kasuwa ƙafa da ƙafa. Ranar da na faɗa masa, ya ce Allah ya sa alheri. Na lura bai ce amin da kansa ba.

Halinta kuwa sai yabo. Ba ta taɓa harbin kowa ba, ba ta taɓa shiga gonar maƙwabci ta ci gero ba. Tafiyar da jaki ke kwana da kwanaki yana yi, ita ko a jikinta. In aka juya mata ƙarfen gaba da safe, sai ta ce kyar, kyar, kyar, sannan gurrr, kajin unguwa su watse. Har yanzu kunnena na jiran wannan gurrr ɗin, kuma ba na jin kunyar cewa na yi kuka.

Kada wani ya ce ba a kula da ita ba. Baturen ya ce kowace safiya a duba ruwanta da baƙin manta da iskar tayoyinta, kuma lokaci lokaci a tsiyaye tsohon mai a zuba sabo. Na ji shi da kunne ɗaya. Wa ke sayar da baƙin man? Shi. Ruwa ba ya tsami banza. Direbana Lawwali kuwa ya riƙe maganar kamar gado: kullum ya zaro wani siririn ƙarfe daga cikinta, ya share da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya sake sharewa, sannan ya ce mai ya ragu. Yo ba dole ya ragu ba? Ina man tsumman yake zuwa? Na ƙwace ƙarfen na kulle a adaka, na toshe ramin da ƙusa. Daga ranar ba a ƙara cewa mai ya ragu ba, don haka ba mu ƙara saye ba.

Ruwanta ni da hannuna nake ba ta, kuma ban taɓa ba ta shi gaya ba. Kanwa nake jiƙa mata, mai kyau, irin wadda dokin mahaifina ya sha har ya tsufa da haƙoransa. Da na ga idon mutane ya yi mata yawa a kasuwa, na sa baduku ya ɗinka mata rufin jar fata mai ado, da layu a jiki, aka lulluɓe mata hanci ruf, wurin nan mai ƙananan ramuka da ake kira lagireto. Duk Sakkwato ba dabbar da ta kai ta gata.

To ga inda nake so a saurara. Wata Juma'a bayan an sauko, Madugu Illo ya tsaya ya zagaye ta, ya kara kunne a jikinta, ya ce, "Attahiru, wagga dabba taka nishi takai. Buɗe mata hanci ta sha iska. Ko jaki ka yi ma hakanga, ba shi kai damana." A gaban mutane ya faɗa. Ba shi kai damana. Ina ya san ranar? Na amsa masa da cewa mai jaki ba ya koya wa mai mota kiwo, kuma bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Tun ranar ba mu gaisa ba, ni kuma na sa aka ƙara laya biyu.

Ba a yi wata ba ciwo ya kama ta. Ya fara da tari, sai zazzaɓi, jikinta ba ya taɓuwa. Na ƙara kanwa. Muryarta ta koma ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙira a cikinta. Ranar Laraba ta yi tsaki mai tsawo, farin tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin jar fatar, ta ce gau, ta yi shiru. Makanikin da aka ɗauko daga Gusau ya buɗe cikinta ya tarar da hanyoyin ruwa sun toshe da wani farin abu, man kuma ya ƙafe saura ɗan baƙin maɗi. Ya ce kanwa ce da rashin iska da rashin mai. Kusan kalmomin Illo ke nan, alhali sun ce ba su taɓa haɗuwa ba. Mai hankali ya auna.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, biyu sun yi sanƙo. Da ƙaho mai cewa fam fam, wanda ba ya da kowa yanzu. Da siririn ƙarfen nan, yana adaka cikin ƙoshin lafiya. Da Lawwali, wanda ya koma gonar hatsi yana gaya wa mutane abin da ba a tambaye shi ba. Ta bar Kaltume, wadda da aka kawo labari ta ce, "Allah shi jiƙan kanwa," ta ci gaba da tankaɗe. Na rubuta wannan a zuciyata.

Ta kuma bar fatun bana gaba ɗaya, nawa da na mutanen da suka amince da ni, jibge a wata rumfa mai yoyo a unguwar Gidan Dare, suna jiran a kai su jirgi a Gusau. In ruwan farko ya same su can, sun ruɓe, sunana ya ruɓe tare da su. Masu mota a garin nan ba su kai yatsun hannu ba, kuma duk an riga an yi hayarsu. Mai jakunan da za su iya kwashe wannan kaya a tafiya ɗaya, mutum ɗaya ne. Ba zan faɗi sunansa ba.

Za a ɗauko gawa ranar Asabar bayan azahar, shanu biyu za su ja ta daga gangare zuwa gindin tsamiyar bayan gidana. Za a cire mata jar fatar, tunda an dame ni, ta sha iskar da ake ta magana. Ana karɓar gaisuwa a zaure, kuma zan duba fuskar kowa. Wanda ake zargi ma ba a hana shi zuwa ba. An shimfiɗa masa buzunsa a inda ya saba zama, Kaltume ta dama furar da yake so, ba ni na sa ta ba. In zai zo, ya zo da jakunan. Jiya na ga walƙiya a gabas.