Jar Motar da Ta Ƙi Fitar da Kinuyo

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkin fuskarka ba," in ji tsoho Tomezo, kansa na cikin bonet.

Jikansa Naoya ya dire akwatin kayan kanikanci a bakin gareji. Yau za a kai ƙasusuwan kakarsa Kinuyo, waɗanda suka rage bayan an ƙone gawarta bisa al'adarsu, kabarin dangi a kan tudu, malamin haikali kuma yana can yana jira. Tulun ƙasusuwan na kan kujerar mota, naɗe da farin ƙyalle. Tsohon ya kafe cewa a wannan jar mota mai kujera biyu ya ɗauko ta tana amarya, a cikinta za a mayar da ita. Motar kuwa ta ce ba da ita ba.

"Matsa, tsoho. Ka kashe min mata da surutu, yanzu ka koma kan mota."

"Matarka? Kai da take share wa majina? Je ka sayo kwayil sabo, wannan ya mutu."

"Kai ne dai ka kusa. Murɗa makulli in gani."

Naoya ya zare wayar tsakiya da ta fito daga kwayil, ya kara ta kusa da jikin inji. Tsohon ya murɗa. Wuta shuɗiya ta yi tsalle, tas-tas.

"Ka gani? Kwayil ya fi ka jini a jika."

"To fulogi ne."

Naoya ya kwance fulogi shida, ya duba, ya mayar. Ƙalau suke. Aka sake murɗawa, motar ta yi tari, ta harba kamar bindiga, ta ɗauke.

"A kai ta garejin Matsuyama," in ji tsohon da sauri. "Sai a ɗaga zuwa kabarin. Wani watan ma ai rana ce."

"Yaushe ka fara yarda da bakaniken da ba kai ba? Ko ƙwaƙwalwar ce ta bi haƙoran?"

"Haƙorana suna cikin kofi lafiyarsu lau. Kai gashin kanka ina ya tafi?"

Naoya ya sunkuya kan injin. Ya bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Duk ƙura ta lulluɓe su, ban da ta uku da ta huɗu, waɗanda sawun yatsu ke kwance a jikinsu sabo fil. An musanya musu gurbi. Mutumin da ya koya masa jerin wayoyin nan tun bai kai tsayin taya ba, ko idonsa a rufe ba zai yi wannan kuskure ba. Zuciyar Naoya ta karye, tausayi ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kaka, ɓera ya shigo garejin nan."

"Ɓera?"

"Tsohon ɓera, mai yatsu biyar, marar haƙori. Ya san jerin wuta sarai."

Tomezo ya juya wajen kujerar motar. Ya dubi farin ƙyallen, ya daɗe.

"In ta tafi can," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wa zan zuba wa shayi da safe?"

"Ni mana. Kullum zan zo in shanye, in ce bai yi daɗi ba, yadda take faɗa."

"Ɗan banza. Ita da ladabi take faɗa."

Naoya ya mayar da kowace waya gurbinta. Murɗawa ɗaya injin ya kama, garejin ya ɗauki rugugi. Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ba ta da maraba da kuka, ya fito daga mazaunin direba, inda bai taɓa barin kowa ya zauna ba.

"Shiga, na bar maka ita. Ni na shigo da Kinuyo gidan nan, hannuna ba zai iya fitar da ita ba."

"Ka ga ƙarshe dai ni na tafi da amaryata."

Tomezo ya zagaya ya zauna, ya ɗora tulun a cinyarsa, ya rungume shi da hannu biyu.

"Tafi da ita ɗin. Amma ka bi a hankali, ba ta son gargada."