Ranar da Ciyaman Gwadabe Ya Sayi Bola

Wani mutum ne a Layin Tsamiya ana ce masa Ciyaman Gwadabe. Kada ka tambaye ni ciyaman na me, don shi kansa in ka tsare shi sai ya yi tunani. Ƙungiyoyi bakwai gare shi, duk a cikin jakar hannu ɗaya, shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne ma'aji. Sana'arsa guda ce, jin ƙanshin tallafi tun ba a sauke tukunya ba. A teburin mai shayi yakan bugi ƙirji ya ce duk mai rabon wani abu a jihar nan sai ya nemi shawararsa tukuna. Shekarar ambaliya shi ne ya ture katangar gidansa da kafaɗa don masu rabon kwano su ga ɓarna. Suka gani kuwa, suka ba shi bandir biyu. Tun daga nan ya ɗauka ya sauke karatun duniya.

Rannan sai ga labari wata gidauniya za ta ba unguwa ɗaya tallafi kan harkar shara: injin niƙa roba, da kekunan kwasar shara biyu, da jari. Kafin la'asar Ciyaman ya haifi ƙungiya ta takwas. Malam Isiyaku, malamin firamare, ya ɗauko takardar sharuɗɗa zai karanta wa majalisar mai shayi, Ciyaman ya yi wuf ya fizge ta ya jefa aljihu.

"Malam, kai alli ka sani, ni tallafi na sani. Likita ba ya zuwa wurin mai lafiya. Wanda ya fi ƙazanta shi za a ba."

Matsalar ita ce Layin Tsamiya ba laifi wajen tsafta. Mata na shara, lambatu na gudu. Abin ya ƙona wa Ciyaman rai, ya yi ta mita wai tsaftar banza za ta ja musu asara.

Sai ya tuna da Bayan Kududdufi, unguwar da ke maƙwabtaka da su. Can akwai wata tsohuwar bola da ta girmi rabin mutanen unguwar, akuya in ta hau kanta har kasuwa take hangowa. Akwai kuma Iya Tabawa, dattijuwar da ta tara mata suna tsintar ledar fiya wata, su wanke, su saƙa jakunkuna da tabarmi. Su ma sun cika takardar neman tallafin. Shekara da shekaru suna neman mai kwashe musu bolar nan, kuɗin tifa ya gagara.

Ciyaman ya sha babbar riga ya tafi. Ya gaida Iya, ya ce taimako ya zo yi, zai raba su da sharar nan saboda Allah. Iya Tabawa ta dube shi sama da ƙasa. Ta san Gwadabe tun yana yawo ba wando, ba ta taɓa jin ya yi abu saboda Allah ba. Ta ce ai ya makara, manoma sun riga sun yi magana, taki za su yi da ita.

Nan fa hankalinsa ya tashi. Ya taya.

"Albarka," in ji Iya.

Ya ƙara.

"Albarka, ɗan nan. Bolar gado ce."

Sai da ya yi ƙari uku sannan ta sallama, da kyar, kamar za ta yi kuka. Har shaidu aka kafa.

Kwana biyu tifa na jigila, ta zo ta juye, rigijib! Ciyaman ya sa aka zube bolar daidai ƙofar gidansa don kada baƙi su sha wahalar nema. Ƙudaje suka yo ƙaura da iyalansu, buuu. Mai shayi ya tattara teburinsa ya bar layin. Maƙwabta suka yi wa Ciyaman ca, ya ce su toshe hanci na 'yan kwanaki, in inji ya iso kowa zai samu muƙami.

Ranar duba unguwanni, Ciyaman ya haye kan bolar da takalmi sau ciki, yana gyara hula. Motar gidauniya ta tsaya. Jami'arsu, Hajiya Saude, ta fito da hankici a hanci, duba-gari na biye da ita. Ciyaman ya buɗe jawabi, ya ce duk faɗin jihar nan babu ƙazantar da ta kama ƙafar tasu, a je a bincika.

"Wannan kaɗan kika gani, ranki ya daɗe. Shekara ashirin muna tara ta."

Hajiya ta rubuta. Ta tambaye shi ko ya karanta sharuɗɗa. Ya yi murmushi ya ce ai da shawararsa aka rubuta su. Ta ce to madalla, ke nan ya san tallafin na unguwar da ta fi rage shararta ne, take kuma sarrafa ta. Yanzu suka fito daga Bayan Kududdufi. Hoton da matan can suka aiko akwai bola kamar dutse, yau kuwa fili fes, an share, an yayyafa ruwa, har sun kafa rumfar inji. Ta ce ba ta taɓa ganin himma irin wannan ba, su za a ba.

Ciyaman ya ji ƙafarsa ta nutse cikin bolar, lutsum.

"Ranki ya daɗe, ai wannan ita ce bolar tasu! Ni na kwaso ta!"

"Ba yanzu ka ce shekara ashirin kuna tara ta ba?"

Malam Isiyaku ya kama wani tari da ba shi da dalili. Duba-gari ya zaro takarda, ya ba Ciyaman kwana uku ya kwashe kayansa ko su haɗu a kotu.

Da takalmi ƙafa ɗaya ya isa Bayan Kududdufi, ya tarar mata na ta rangaɗa guɗa. Ya durƙusa gaban Iya Tabawa yana roƙo ta bari ya maido mata da bolarta, kuɗin ma ya yafe har lahira.

Iya ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Haba Ciyaman, kai da ka san ciniki. Kayan da aka saya gaban shaidu ba a dawo da shi. Amma tunda kai namu ne, in ka tsince ledojin ciki ka wanke su tas, ka kawo. Muna saye a kilo."